Kati ko ɗan yatsa: da me ya kamata a tantance mai jefa ƙuri'a?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun zaɓen 2023, yau na ce bari in fito da shi mu tattauna.

Ina da kawu a wani ƙauye gefen Haɗeja, manomin shinkafa, ya haura shekara 70. Tunda aka dawo mulkin farar hula a 1999 bai taɓa fashin zaɓe ba. Ambaliyar daminar 2022 ta rushe masa ɗaki biyu. Katin zaɓensa yana cikin wata 'yar adakar ƙarfe tare da takardun gona, ruwa ya yi gaba da ita. A watan Satumba ke nan, alhali an rufe rajista da neman sabon kati tun 31 ga Yuli. Ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ranar 25 ga Fabrairu ya ce lallai sai na kai shi akwatinsu. Na goya shi a babur. An lilliƙa rajista a bangon firamare, muka bi da yatsa har muka ga sunansa, ga hotonsa da hular nan tasa da kowa ya san shi da ita. Mai unguwa yana zaune a wurin. Wakilan jam'iyyun duk a gabansa aka haife su. Yarinyar da ke riƙe da na'ura, 'yar bautar ƙasa, ta ce masa cikin ladabi, Baba ka yi haƙuri, in babu kati ba zan iya tantance ka ba. Ban ga laifinta ba, doka ta bi. Kawu ya ɗan jima a tsaye yana kallon layi, sannan ya kaɗe rigarsa ya ce mu tafi.

Na'urar BVAS, wadda ake tantance masu zaɓe da ita, yatsa take dubawa da fuska. Yatsan Kawu yana hannunsa, fuskarsa kuma da ita ya zo. To mene ne aikin robar? Farfesa Mahmood Yakubu, lokacin yana shugabancin hukumar zaɓe ta INEC, ya faɗa a Disamba 2024 cewa ya kamata a sake duba maganar cewa katin ne kaɗai shaida, ko takardar da mutum ya buga daga shafin hukumar ma ta isa. Ni dai ina bayan wannan magana. Me kuka gani?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar wa Kawu da alheri. Amma Yaya, doka ba a yin ta don mutum ɗaya, kuma ba a rushe ta don mutum ɗaya.

Mu duba alƙaluma. A 2023 mutum 93,469,008 ne a rajista. Waɗanda suka karɓi kati 87,209,007. Waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba. Wato sama da miliyan 60 suna da kati suka ƙi fitowa. Ka ga ba kati ne ya hana mutane zaɓe ba. Ƙarancin takardun kuɗi da aka shiga a watan nan, da wahalar mai, da tsoron 'yan daba, da fid da rai, su ne suka zaunar da jama'a a gida. In ka cire sharaɗin kati ba ka magance ko ɗaya ba, ka dai cire kwaɗo ɗaya daga ƙofa mai kwaɗo biyu. A ƙasar da ɓarawo yake kwana yana tunani, ni ban yarda a rage kwaɗo ba.

Baban Amira:
Malam, waɗancan miliyan 60 ɗin su suka zaɓi zama. Kawu ya zo. Ba za a haɗa wanda ya ƙi zuwa da wanda aka mayar gida ba. Kuma cikin alƙalumanka akwai sama da miliyan 6 da katinsu yana jibge a ofisoshi ba su karɓa ba. A Abeokuta ma ƙona ofishin hukumar aka yi a Nuwamba 2022, katuna sama da 65,000 suka ƙone. Me masu katunan suka yi?

Alhaji Dattijo:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, don na riga ku ganin zaɓe. Na tsaya a layi a bayan hoton ɗan takara a zamanin Babangida, aka ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya a fili. Na kuma ga 2007, shekarar da za ka je akwati da hantsi a ce maka an gama, ka koma gida da yatsanka fes, da yamma ka ji a rediyo cewa kowa a mazaɓarku ya yi zaɓe. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, da bakinsa ya yarda zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, shi ya sa ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais.

Wanda bai ga wancan zamanin ba, ba zai san darajar katin nan ba. Da Farfesa Jega ya zo shugabancin hukumar zaɓe aka tace rajistar 2011, daga miliyan 73 da ɗoriya ta dawo miliyan 68 da dubu ɗari takwas kafin 2015. Miliyoyin sunaye ne na masu rajista biyu da waɗanda bayanansu bai cika ba. Da aka ce sai da kati da na'ura, masu cika akwati a ɗaki suka fara kuka. Shi ya sa duk lokacin da na ji an ce a sassauta, gabana yake faɗuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Baban Amira:
Allah ya ƙara girma Baba. Ban musa ko kalma ɗaya ba. Sai dai na'urar 2015 daban, ta yanzu daban. Waccan dole sai an sa mata kati ta karanta abin da ke cikinsa kafin ta nemi yatsa. Ta yanzu bayanan masu zaɓen akwatin suna cikinta tun daga ofis.

Tsohuwar Kofa:
Yaya Baban Amira ya yi daidai a nan, ni na riƙe na'urar a 2023 lokacin ina bautar ƙasa. In mutum ya miƙo kati, abin da muke yi da shi shi ne mu nemo sunansa: ko a haska alamar da ke jikin katin, ko a buga lambobi shida na ƙarshe na lambar rajistarsa, ko a buga sunan mahaifi. Da ya fito a allo sai a ajiye katin a kan tebur. Daga nan yatsa ne, in ya ƙi sai fuska. In duka biyun suka ƙi, mutum ba zai yi zaɓe ba ko da kati goma ya zo.

Wata tsohuwa ba na manta ta. Yatsunta sun side saboda surfe da wanki, muka gwada babban yatsa, muka gwada manuni, muka goge da auduga, shiru. Muka koma fuska, rana ta haske allon. Sai da wani ya cire rigarsa ya yi mana inuwa, ta ɗan ja mayafinta baya, sannan ta ɗauka. Da na ce mata Iya ya yi, sai ta kama hannuna tana sa mini albarka kamar na ba ta kujerar Makka. Katinta duk tsawon wannan lokaci yana kan tebur, babu wanda ya sake kallonsa.

Amma akwai abin da ya fi wannan damuna, kuma shi ne ba ku taɓo ba. Yara. Yaron da ko gashin baki bai fara ba zai zo da kati na gaske, da sunansa a rajista, na'ura ta karɓi yatsansa. Me za ki ce? Ke baƙuwa ce a garin, ga mutane sun kewaye ki, jami'in tsaro ɗaya ne kuma ba shi da ko sanda. Kati bai hana wannan ba, na'ura ma ba ta hana ba, domin ɓarnar tun ranar rajista aka yi ta.

Malamin Lissafi:
To kin ga ƙanwata, kin ƙara mini hujja. Rajistar ba ta da tsabta. A rajistar 2021 zuwa 2022 kaɗai hukumar ta soke sunaye 2,780,756 cikin miliyan 12 da ɗoriya. Kusan ɗaya cikin huɗu! Matattu kuma suna nan cike, don ba mu da al'adar kai rahoton mutuwa. Mahaifina ya rasu shekara shida ke nan, har yanzu ina ganin sunansa a bango. Yau in wani zai yi zaɓe da sunansa sai ya nemo kati sannan ya haɗa baki da mai na'ura. Gobe in an ce takarda ta isa, shagon kwamfuta zai shiga ya buga ta da naira ɗari.

Tsohuwar Kofa:
Allah ya jiƙan Baba. Amma Malam, in ya buga takardar, yatsan wa zai kawo?

Malamin Lissafi:
In na'urar tana aiki ke nan. In aka ce ta lalace fa? Kin manta 2015? Shugaban ƙasa Jonathan da kansa na'ura ta ƙi karɓar sa a Otuoke, sai da hannu aka tantance shi. Daga ranar aka buɗe ƙofar cike fom, kuma kowa ya san abin da aka yi da fom ɗin nan a wurare da dama.

Barista:
Bari in ɗan gyara zama a nan, domin ana haɗa zamani biyu.

A 2015 na'urar karanta kati ba ta cikin dokar zaɓe, umarnin hukuma ce kawai. Shi ya sa a shari'ar gwamnan Ribas, Wike da Peterside, Kotun Ƙoli ta ce a 2016 na'urar ba ta maye gurbin rajistar takarda ba. Duk wanda ya kafa ƙararsa a kan na'ura a lokacin, ƙasa ya sha.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a 25 ga Fabrairu 2022, ita ta canza wannan. Sashe na 47 ya ce mai zaɓe ya zo da katinsa, kuma a tantance shi da na'ura. Ya ƙara da cewa in na'ura ta lalace ba a kawo wata ba, a soke zaɓen akwatin, a sake sa shi cikin awa 24 in har sakamakonsa zai iya canza lissafi. Babu maganar komawa hannu. Sashe na 51 kuma, wanda ni a ganina ya fi kowanne nauyi, ya ce aringizo shi ne ƙuri'u su haura adadin waɗanda aka tantance. A tsohuwar doka sai sun haura adadin masu rajista. Ku duba bambancin. Akwati mai mutum 700, mutum 200 suka fito: da, kana iya dangwala 400 ka ƙara, babu wanda zai ce ka yi aringizo. Yanzu ƙuri'a ɗaya ta haura abin da na'ura ta ƙirga, akwatin ya mutu.

Saboda haka abin da ya ɗaure hannun mai cika akwati ƙirgar na'ura ce. Ina tare da Yaya Baban Amira a nan. Inda nake tare da Malam shi ne, tabbatar da wannan ƙirga a kotu aiki ne ja. Ku tuna Osun: kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Adeleke a Janairu 2023 bisa aringizo, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar masa, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Mayu, bisa cewa na'urorin kansu ya kamata a gabatar, rahoton da aka ciro daga rumbun bayanai bai isa ba. Akwatunan ƙasar nan 176,846 ne. Wa ke da ƙarfin kwaso na'urori dubbai zuwa kotu cikin ɗan wa'adin da doka ta ba shi?

Hajiya Mai Atamfa:
Ku maza kuna ta sashe kaza sashe kaza, ku zo ku ji abin da ke faruwa a cikin gidaje.

Wata biyu kafin zaɓe mata suke shigowa lungunmu gida-gida da littafi, wai za a ba da tallafi, a kawo katin zaɓe a rubuta suna. Wata a ba ta taliya da sabulu, wata 'yan dubu biyu. A ce katin zai kwana a wurinsu, gobe a dawo da shi. Goben da ba ta zuwa sai bayan zaɓe. Maƙwabciyata, bazawara mai 'ya'ya biyar, haka aka yi mata. Ranar zaɓe ina ɗaura mayafi tana leƙowa ta katanga tana cewa Hajiya ki dangwala har da nawa.

Da can ina mamaki, me za su yi da katin wata tunda yatsa ba zai hau ba? Sai ɗana ya ce Umma ai ba zaɓe za su yi da shi ba, hana ta za su yi. Sun san unguwar ba tasu ba ce, duk katin da suka kulle a durowa ƙuri'ar abokin hamayya ce ta ragu. Kuma ba jita-jita ba ce, hukumar da kanta ta sanar a ƙarshen 2022 an kama wani a Sakkwato da katuna 101, wani a Kano da 367.

Ranar da aka ce mace za ta iya zaɓe da yatsanta ko babu kati, wannan kasuwa ta tashi. Wa zai sayi abin da ba ya hana komai? Mu da ake ce wa kada mu sa lalle ana gobe zaɓe don na'ura ta ga yatsa, mun haƙura mun bari, to a bar yatsan ya yi mana amfani mana.

Malamin Lissafi:
Hajiya, wannan kam kin kawo magana. Ban kalle ta ta nan ba. Amma mai sayen kati zai koma sayen ƙuri'a a bakin akwati, ki dangwala ki nuna masa ya biya ki.

Hajiya Mai Atamfa:
Ai yanzu ma yana yi, Malam. Gara a rage masa hanya ɗaya.

Ɗan Zango, Kumasi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Abin da kuke gardama a kai mu nan Gana mun daɗe muna yi. Tun 2012 muke da rajistar yatsa. In katinka ya ɓace, ka je akwatinka, in sunanka yana rajista kuma na'ura ta karɓe ka, za ka yi zaɓe. Ba a kore ka don kati. A 2012 ɗin na'urori sun ba da wahala har zaɓe ya shiga kwana na biyu a wasu wurare, amma ba a ce a koma dogaro da kati ba.

Namu rikicin a bakin rajista yake: da wace takarda za ka nuna kai ɗan ƙasa ne? A 2016 Kotun Ƙoli ta sa aka cire sunayen waɗanda suka yi rajista da katin inshorar lafiya, don baƙo ma yana iya samunsa. A 2020 aka yi sabuwar rajista, aka ce katin ɗan ƙasa, ko fasfo, ko mutum biyu masu rajista su tsaya maka. Mu mutanen zango mun san zafin wannan. Kakana a Kumasi aka haife shi, amma da ka faɗi sunanka sai wakilin wata jam'iyya ya miƙe ya ce kai baƙo ne. Ku da kuke kan iyaka, Daura, Illela, Maigatari, ku lura da wannan. Duk tsaurin da aka ƙara a shaidar ɗan ƙasa, a kan irinmu yake fara sauka.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiya ne ɗan'uwa. Mu kuma a Nijar ɗaya gefen muka gani. Mutanen karkara da yawa ba su da takardar haihuwa, balle katin ɗan ƙasa. A zaɓen Fabrairu 2016 aka yarda wanda ba shi da takarda ya yi zaɓe in mutum biyu suka shaide shi. 'Yan adawa suka ce ƙofar maguɗi ce aka buɗe, aka yi ta tayar da jijiyar wuya ana gab da zaɓe. Kuma ni ban ga laifinsu ba, don shaidar baki ana sayen ta. Amma a lokacin babu na'urar da za ta duba yatsa a bakin akwati. Ku kuna da ita. Kada ku kwatanta sassaucinku da namu.

Ɗalibi a Ingila:
Abin da ya ba ni mamaki da na zo nan, shekara da shekaru mutum sunansa da adireshinsa kawai yake faɗa a ba shi takardar ƙuri'a. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayu 2023 aka fara neman shaida mai hoto, hukumar zaɓensu ta ce kimanin mutum 14,000 aka mayar ba su dawo ba. A 2024 Boris Johnson, wanda gwamnatinsa ta kawo dokar, shi ma aka mayar da shi don ya manta tasa. Sai dai su shaidu iri-iri suke karɓa, fasfo, lasin tuƙi, katin bas na tsofaffi. Me zai hana mu ma a karɓi katin NIN? Ai an wahalar da kowa ya yi shi saboda layin waya.

Barista:
Ƙanina, a karɓe shi don nemo suna a rajista, babu laifi. Amma kada ya zama shi ne rajistar. Jariri yana da NIN, baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ma ana ba shi. Inda zai yi amfani sosai shi ne a haɗa rumbunan biyu a gano yaran da Kofa take magana, in har shekarun da aka rubuta a can ma na gaskiya ne.

Abban Gama:
Ni wallahi duk wannan magana tana ba ni takaici. Mun yi layi tun asuba a 2023, an tantance mu da yatsa da fuska, an ƙirga a gabanmu, an ce za a ɗora hoton takardar sakamako a intanet daga akwati. Na 'yan majalisa ya hau, na shugaban ƙasa aka ce tangarɗar na'ura. Mu da muka ga inkwankulusib a Kano a 2019 mun san ba a bakin akwati ake kashe zaɓe ba, a wurin tattara sakamako ne, da dare. Kuna ta gadin ƙofar gida, ɓarawo ta katangar baya yake shiga. A bar kati, a cire kati, duk ɗaya.

Baban Amira:
Abba, ba duk ɗaya ba ne. Zafin da kake ji ni ma ina ji, na kwana ina latsa shafin nan har wayata ta mutu. Amma ka lura, dalilin da ya sa aka koma katangar baya shi ne an toshe ƙofar gaba. Baba Alhaji ya gaya maka yadda take a 2007. Gyaran tattara sakamako faɗa ne da ya wajaba mu yi, ina ciki. Sai dai bai hana a gyara wannan ba, kuma wannan ɗin layi ɗaya ne a cikin doka.

Alhaji Dattijo:
Na saurari yarinyar nan da ta riƙe na'ura, na saurari Hajiya. Zuciyata ta ɗan sauko, amma ba duka ba. Abin da nake tsoro shi ne 'yan majalisa. Ka kai musu layi ɗaya su gyara, su gyara uku, cikin ukun har da wanda ya ce dole a yi amfani da na'ura. Ku masu ilimi in za ku nemi wannan abu ku sa ido a kan rubutun har ranar sa hannu.

Malamin Lissafi:
To ga inda na tsaya. Zan yarda a bar mutum ya yi zaɓe babu kati bisa sharaɗi uku, in ɗaya ya faɗi na janye. Tantancewa da na'ura ta zama dole babu togiya, ko gwamna ne yatsa da fuska suka ƙi shi ya koma gida. A rubuta adadin waɗanda suka yi zaɓe babu kati a takardar sakamakon akwati, wakilai su sa hannu, don in wani akwati ya fito da mutum 300 marasa kati mu san akwai tambaya. Sannan a share matattu daga rajista kafin a fara, ko da ta hanyar masu unguwanni da limamai ne, su suka san wanda suka kai makwanci.

Tsohuwar Kofa:
Na biyun yana da sauƙi Malam, na'urar ma za a iya sa ta ƙirga. Na ukun ne zai ɗauki shekaru. Kawu zai jira?

Baban Amira:
Na biyun ban taɓa tunaninsa ba, kuma na karɓa. Na ukun a fara shi tare, kada a ce sai an gama.

Kawu kuwa, da aka sake buɗe rajista a Agusta 2025 na kai shi ya nemi sabon kati. Ya ce in ya fito kada in kawo masa ƙauye, in ajiye a wurina a birni, don ɗakin da ya sake ginawa a inda na da yake yake, kuma kogin bai matsa ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Ka ajiye masa a cikin leda, ka sa a sama. Kuma duk wanda ya zo da littafi yana maganar tallafi, ka ce ba ka san inda yake ba.